Shafin Intanet Ba Kwalbati Ba Ne

A Birnin Kebbi, kamar sauran manyan biranen jihohin Arewa, akwai hanyar da ofisoshi suka saba bi in za su buɗe shafin intanet, kuma ita ce ke kashe shafin tun yana cikin zanen goyo. Shugaba ya dawo daga wani taro a Abuja, ya ga takwarorinsa suna raba kati mai ɗauke da adireshin shafi, sai ya ba da umarni. A nemo wani saurayi da aka ce ya san kwamfuta, a rubuta masa takardar kwangila, a miƙa masa hoton shugaba da na gwamna da jawabin maraba. Bayan mako uku ko huɗu a gayyato 'yan jarida, a haska shafin a jikin bango, a yi tafi, a raba lemo. Daga wannan rana ba mai sake leƙa shi. Bayan wata shida, labarin da ke sama shi ne labarin ƙaddamarwar. Bayan shekara guda cif, ranar da hayar sunan ta ƙare, shafin ya ɓace ba tare da an yi masa ko zaman makoki ba. In sabon shugaba ya zo, a sake sabon lale: sabon suna, sabon saurayi, sabuwar kwangila.

In aka tambayi dalili, amsar a shirye take: rashin wuta, rashin sabis, rashin ƙwararru. Duk akwai su, amma ba su ne suka yi kisan ba. Ofishin da ya kasa sabunta shafinsa saboda rashin wuta, ma'aikatansa suna kan WhatsApp tun asuba har tsakar dare. Cutar tana cikin fahimta. An ɗauki shafin intanet tamkar kwalbati: a gina, a yanke ƙyalle, a liƙa allon tunawa, a juya baya. Ko kwalbatin ma, in ba a yashe shi kafin damina ba, ruwa zai bi ta saman hanya. Shafi ya fi kama da jarida, ko kuma doki. Ranar da aka sayo doki, ranar ce aka fara kashe kuɗi, domin zai ci harawa gobe da jibi, kuma dole a san wanda zai riƙa yi masa shara.

Abin takaicin shi ne, kayan aikin da ake amfani da su an ƙirƙiro su ne musamman don a kauce wa wannan. A farkon zamanin shafuka, kowane shafi da hannu ake tsara shi cikin harshen HTML, saboda haka ko waƙafi za a gyara sai an kira masanin fasaha. Manhajar tafiyar da shafi ta zo ta raba aikin gida biyu. Rubutu da hotuna suna zaune a rumbun bayanai. Kamannin shafin kuwa, wato launinsa da tsarinsa, riga ce da ake iya tuɓewa a sa wata ba tare da an taɓa rubutun ba. A tsakaninsu akwai ɗakin aiki inda ma'aikaci zai shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, ya rubuta kanu, ya rubuta labari, ya ɗora hoto, ya danna a wallafa. Drupal ta fito a 2001, WordPress a 2003 daga hannun Matt Mullenweg da Mike Little, Joomla a 2005. Dukkansu kyauta ne, kowa na da ikon ɗauka ya yi amfani da su. A yau WordPress kaɗai ce ke tafiyar da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya. Duk wanda ya iya rubuta saƙo a waya ya haɗa da hoto, zai koyi wallafa a cikinta da yammaci guda. Manhajar da aka yi don ta 'yantar da akawu daga injiniya, ita ce a nan aka mayar igiyar da ke ɗaure ma'aikata guda a ƙugun saurayi ɗaya.

Yadda hakan ke faruwa ba asiri ba ne. Kowane shafi yana da makullai uku, kuma da wuya a sami babban sakatare ko magatakarda ko daraktan mulki da zai iya faɗin inda ko guda ɗaya yake. Na farko shi ne sunan shafin, wato adireshin da ake bugawa a kati da takardun ofis. Na biyu masaukinsa, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana a wani kamfani, wadda ake biyan haya don shafin ya zauna a kanta. Na uku shi ne asusun mai cikakken iko a cikin manhajar kanta. Wanda ya riƙe waɗannan uku shi ne mai shafin, ko da sunan wa aka rubuta a goshinsa.

Sunan ya fi sauran haɗari, domin ba a sayensa a mallaka har abada. Haya ce, galibi ta shekara-shekara. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, kuma akwai reshen .gov.ng da aka keɓe wa hukumomin gwamnati, wanda sai ta hannun NITDA ake samunsa, da .edu.ng na manyan makarantu. Hikimar keɓewar a fili take: ba wani ɗan kasuwa da zai wayi gari ya yi rajistar suna mai .gov.ng. Amma neman irin wannan suna yana buƙatar wasiƙa da sa hannu da ɗan haƙuri, shi kuwa ɗan kwangila sauri yake yi, sai ya yi rajistar .com ko .org cikin minti biyar, da sunansa da imel ɗinsa da katin bankinsa. Ranar da hayar ta ƙare ba a sabunta ba, bayan ɗan wa'adin afuwa sunan ya koma kasuwa, kowa na iya ɗauka. Akwai masu sana'ar jiran irin waɗannan sunaye, su saye su ɗora tallar caca ko abin da ya fi caca muni. Takardun ofis da allunan bakin ƙofa kuwa suna nan suna ci gaba da aika jama'a can.

Me ya sa ofishin da ya iya biyan kwangilar ya kasa biyan sabuntawa, alhali kuɗin hayar suna na shekara bai kai na lemon da aka raba ranar ƙaddamarwa ba? Amsar tana cikin yadda ake rubuta kasafin kuɗi. Gina shafi yana shiga layin manyan ayyuka: yana da takardar kwangila, yana da biki, yana da hoto, yana kuma da sauran abubuwan da ke sa fayil ya yi gudu daga tebur zuwa tebur. Sabuntawa kuwa kuɗin gudanarwa ne na yau da kullum, ɗan mitsitsi, ba wanda zai yi suna da shi, ba wanda zai samu komai a cikinsa. Ƙari a kan haka, ofishin gwamnati da baucha yake biya, bayan fayil ya zaga. Kamfanin rajista kuwa kati yake so, yanzu-yanzu. A wannan tsagar ce katin saurayin ya shiga, sunan ma'aikata ya koma asusunsa. Ba a yi niyyar sata ba. An dai gina gida a filin wani, aka manta ba a karɓi takarda ba.

Ya kamata a yi wa samarin nan adalci. Da yawansu ba mugunta ce ta sa suke riƙe makullai ba. Duk wanda ya taɓa yi wa ofis aiki ya san labarin cikon kuɗi: an biya kashin farko, sauran sai an ga hali. Kalmar sirri ita kaɗai ce jinginar da ke hannunsa, in ya miƙa ta ya miƙa bashinsa. Amma wannan hujja ce a kan ofishin da ba ya cika alkawari, ba hujja ba ce ta a bar dukiyar jama'a a aljihun mutum ɗaya. Maganin abu ne mai sauƙi ga duk wanda ya san aikin gwamnati: a yi rajistar suna da masauki da sunan ma'aikata da imel ɗin ma'aikata tun kafin a kira mai gini, a biya shi haƙƙinsa cif, a rubuta cikin yarjejeniya cewa aiki bai kammala ba sai ya koyar da ma'aikata biyu sun wallafa labari da hannunsu a gabansa, sa'an nan, in ana bukatarsa, a ɗauke shi kula da shafin a kan kuɗin wata ko na shekara. Wannan ya fi masa riba ma, domin kwangilar gini sau ɗaya ake cin ta.

Akwai kuma ɓangare na biyu, masu cewa duk wannan wahalar banza ce tunda akwai Facebook. Maganarsu tana da nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. Jama'a suna can. Ɗan kasuwa a babbar kasuwar Birnin Kebbi da dillalin shinkafa a Argungu ba su buɗe shafin wata hukuma da safe. WhatsApp suke buɗewa, manomin fadama kuma rediyo ya fi kusa da kunnensa. Ofishin da ya ƙi zuwa inda jama'a suke ya yi wauta. Sai dai Facebook kasuwa ce, kuma ba a ajiye hatsin shekara a tsakar kasuwa. Wanda ke shakka ya gwada nemo sanarwar da wata hukuma ta fitar shekara uku da suka wuce: zai yi ta jan allo da yatsa, yana ratsa ta'aziyya da taya murna da hotunan ziyarar ban girma, har data ta ƙare bai kai ba. Abin da mabiyi zai gani ma ba ofishin ke zaɓa ba, lissafin kamfanin ne ke zaɓa. Shafin Facebook ɗin kansa kuma rataye yake a asusun wani mutum, wanda za a iya yi wa canjin wurin aiki, ko ya ɓata da shugaba, ko a sace masa waya.

Mai gidan hayar ma ba a san ranar da zai rufe ƙofa ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022. A 2025, kamfanin Meta ya shaida wa kotu cewa tarar da hukumomin Nijeriya suka ci shi na iya tilasta masa rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Google ya rufe Google+ a 2019, kuma a shekarar ce MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora cikin shekara goma sha biyu sun salwanta a wajen sauya masauki. Zanen aro ba ya rufe katara. Tsarin da ya dace shi ne a fara wallafawa a gida, sa'an nan a kai kasuwa: sanarwa ta zauna a shafin hukuma da kwanan wata da adireshinta na dindindin, a ɗauki mahaɗinta a watsa a Facebook da WhatsApp, a karanta ta a rediyo.

Abin da ke cikin wannan magana ba ado ba ne. Ɗalibi daga Kamba ko Zuru ko Yawuri yakan biya kuɗin mota ya zo Birnin Kebbi don kawai ya duba allon sanarwa, ya ga ko sunansa ya fito. Tsohon ma'aikaci yakan ji ranar tantance 'yan fansho a bakin wani, ya iso ya tarar an ɗage. Kowace kakar ɗaukar aiki, takardun bogi masu ɗauke da tambarin gwamnati suna yawo a waya, ana karɓar kuɗin fom daga hannun marasa aiki. Abin da ke ba su rai shi ne babu wani wuri guda da mutum zai duba ya ce in ba ta nan, ƙarya ce. Ga kuma ruwa. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa a kwarin Rima ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar gargaɗi. Hukumomin tarayya masu hasashen damina da ambaliya suna fitar da rahoto kowace shekara, cikin dogon Turanci. Shafi guda mai sauƙi da zai fassara abin da ya shafi Augie da Argungu da Birnin Kebbi da Bunza, ya kuma riƙa sanar da halin da madatsun Goronyo da Bakolori ke ciki, zai ba malamin gona da mai gabatar da shirin rediyo da mai unguwa madogara guda. Hukumomin tarayya da ke jihar kuwa ba ma alfarma za su yi ba: Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta musu bayyana wasu bayanai da kansu ba sai an roƙa ba, har ta hanyar intanet.

Argungu ta fi ko'ina nuna girman asarar. Bikin kamun kifi a siffarsa ta yau ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, wadda ta rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Duk da haka bikin ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba, sai a watan Maris na 2020 aka dawo, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Yaron da ke da shekara goma lokacin da aka tsaya, ya zama magidanci ko kusa da haka kafin ya sake ganin dubban masunta sun faɗa Matan Fada da gora da koma. A irin wannan hutu, ilmin biki yana zaune ne a kawunan dattawa, su kuwa dattawa ba su jiran kwamiti. Wanda ya nemi labarin bikin a intanet, abin da zai fara cin karo da shi hotunan kamfanonin labarai ne da bayanan baƙi, mafi yawa cikin Turanci. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

A nan ne manhajar tafiyar da shafi take da amfanin da Facebook ba zai taɓa yi ba, domin ƙarfinta yana cikin jerawa. Kowane rubutu yana da rukuni da shekara da alamomin da ke haɗa shi da 'yan'uwansa. Da za a zauna a shigar da bikin shekara bayan shekara, kowace da ranakunta da manyan baƙinta da nauyin kifin da ya yi nasara da garin masuncin, da an sami tarihin da ɗalibin jami'a a Aliero ko Birnin Kebbi zai dogara da shi, maimakon ya kwafo daga wanda ya kwafo. A ƙara da hira da Sarkin Ruwa a kan dokokin kogin, da bayanin wasannin kabanci ɗaya bayan ɗaya, da sunayen kifaye yadda masunta ke kiransu, giwan ruwa da yauni da kurungu da tarwaɗa, kowane da hotonsa. A ɗauki muryoyin a bar su cikin Hausar wurin, da "tahi" da "ɗiya" da sauransu, kada wani edita ya goge su ya mayar Kananci. Gidan tarihi na Kanta, wanda ya kasance fadar sarki har 1942 kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1958, yana cike da masu da takubba da tambura. Kowane ɗaya ya cancanci hoto da suna da layi uku na bayani. Irin wannan rajista ba don baƙi kaɗai ba ce. Kayan tarihin da aka ɗauki hotonsa aka wallafa ya fi wuyar sacewa a sayar.

Sai dai tambayar makulli ta fi tsanani a nan. Kwamitin shirya biki na 'yan watanni ne. Gwamnati ta shekara huɗu ce, in ta yi sa'a takwas. Kamfanin da ya ɗauki nauyin biki bana ba lalle ya dawo baɗi ba. In aka bar kowane ɗayansu ya buɗe nasa shafin, za a wayi gari da sunaye biyar, huɗu matattu, ɗaya na ɗauke da ranakun bikin da ya wuce. Suna ya kamata ya zauna a hannun wanda ya fi kowa tsawon rai, kuma a Argungu ba a bukatar dogon bincike: masarautar da ke jingina asalinta ga Muhammadu Kanta ta ga gwamnatoci sun zo sun wuce tun ƙarni na 16. Ita ta riƙe suna da rumbu, ta ba kowane kwamiti izinin shiga na lokacinsa, ta karɓe in ya gama. Mutanen da suka san cewa ba a jefa koma a Matan Fada sai da izini ba sa bukatar a koya musu wannan tsari. Aikin kuma na watannin da babu biki ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Manhajar ma ta tanadi matakan izinin. A WordPress hawa biyar ne, daga mai cikakken iko, zuwa edita mai iya gyara rubutun kowa, zuwa marubuci mai wallafa nasa kaɗai, zuwa mai kawo gudummawa wanda sai an duba rubutunsa kafin ya fita, zuwa mai karatu kawai. Abin da aka saba gani shi ne asusu guda, na mai cikakken iko, da kalmar sirri guda da aka rubuta a bayan kalanda. Wannan daidai yake da barin hatimin ofis a kan teburin masinja. Cikakken iko na mutum biyu ne, ma'aikatan dindindin, kuma bai kamata shugaba ya zama ɗayansu ba. Jami'in yaɗa labarai, wanda dama aikinsa ke nan kuma ana biyansa albashi a kai, shi ne edita. Mai yi wa ƙasa hidima a ba shi matakin kawo gudummawa, a rufe asusunsa ranar da ya karɓi takardar sallama. Takardar miƙa aiki da ake lissafa kujeru da motoci da fankoki a cikinta, ya kamata makullan shafi su samu layi a ciki.

Gaskiya ne cewa shafin da mutum ya mallaka ma yana mutuwa. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta gano a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke raye a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Mutanen ƙasar Gwandu sun fi kowa sanin maganin wannan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rasu kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, amma ana karanta littattafansa har gobe a zaure da jami'a, ba don takardar da ya rubuta a kai ta fi ƙarfin gara ba, sai don almajirai sun kwafa, waɗanda suka karanta a wurinsu suka sake kwafa, kwafi ya bazu gari-gari. Gobara a gida ɗaya ba ta cinye littafi. Haka ake yi wa shafi: a kwafe rumbun bayanai da hotuna a kai a kai, a ajiye kwafin a wani wuri dabam da masaukin, a kuma gwada mayar da shi ko sau ɗaya a shekara, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba zato ne kawai. Wannan kwafi shi ne kuma 'yancin tashi. A 2024 rikici ya ɓarke tsakanin Mullenweg da kamfanin masauki na WP Engine har ya kai kotu, abin da ya tuna wa kowa cewa ko manhajar kyauta tana da masu faɗa a ji. Wanda rubutunsa ke hannunsa yana iya kwashe kayansa ya koma Drupal ko Ghost. Gardamar wace manhaja ce ta fi, wadda samari ke ɓata dare a kanta, ba ta kai wannan muhimmanci ba.

Saura harshe, kuma nan ne abin ya fi ban haushi. Ofis a jihar da ake ciniki da wa'azi da shari'ar gona cikin Hausa sai ya buɗe shafi da Turanci zalla, ya cika shi da manufa da hangen nesa da tarihin rayuwar shugaba. Wa ake yi wa magana? Takwarorin Abuja. In ma an yi Hausar, sai a zubar da ƙugiyoyin haruffa, ko su fito kamar akwatunan da ba kowa ciki, domin rigar da aka zaɓa ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ba ƙaramin abu ba ne: kafa daban, ƙafa daban, sanarwar asibiti da ta kasa bambanta bari da ɓari ta yi ɓarna. Maɗaba'ar Gaskiya a Zariya ta buga waɗannan haruffa da dalma tun kafin kwamfuta ta shiga ofis, saboda haka ba wanda ke da uzuri yau. Gwajin na minti ɗaya ne: kafin a amince da riga, a rubuta ƙasa da ɗaki da ɓawo, manya da ƙanana, a duba a waya mai araha.

Wayar mai araha ita ce alƙali a sauran al'amura ma. Shafin da ke buɗewa da manyan hotuna biyar masu zagayawa yana burge shugaba a kan babban allon ofis, amma a ƙauyen da sabis ke zuwa yana tafiya, ya cinye datar mutum kafin kalma ɗaya ta fito. Sanarwar da aka ɗauki hoton takardarta aka ɗora ba ta shiga bincike, ba a iya kwafe ta, makaho mai amfani da manhajar karatu ba ya jin ta. A buga ta da haruffa, a haɗa da hoton takardar don shaida. Ƙananan manhajojin ƙari da ake cusa wa shafi don ado su ne ƙofar da masu kutse suka fi bi, musamman waɗanda aka sauko da su na sata don gudun biyan kuɗi, ko aka bari shekara ba a sabunta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jerin sunayen waɗanda suka ci gajiyar wani shiri kuwa, in aka wallafa shi da lambobin waya da na asusun banki, an shirya wa 'yan damfara walima, an kuma taka Dokar Kare Bayanai ta 2023.

Shugaban da ke son sanin matsayin ofishinsa ba ya bukatar kwamiti. Ranar ƙarewar hayar kowane suna a bayyane take. Akwai rajistar da ake kira WHOIS, kowa na iya buga adireshi ya ga kamfanin da aka yi rajista a wurinsa da ranar da wa'adin zai cika. Ga sunaye irin .com da .org, ƙa'ida ta wajabta wa kamfanin ya aika tunatarwa sau biyu kafin ranar, ɗaya saura kimanin wata guda, ɗaya saura kimanin mako. Saƙonnin suna tafiya ne zuwa imel ɗin da aka bayar ranar rajista. In ba wanda ke iya buɗe wannan akwati a cikin ma'aikatan da ke kan albashi, fayil na farko da za a buɗe shi ne na mayar da sunan hannun ofis, tun mai riƙe da shi yana ɗaga waya.